Langar Ma'u da Landirobar Bappa

Rigimar farko da na ga Bappa Nu'uman ya sha kaye a cikinta a kan langa aka yi ta, kuma ni ce na kayar da shi. Ina faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye hannuna a labarin.

Ranar sunan ɗansa na fari ne, Zaharaddeen, shekara arba'in da wani abu ke nan. Gida cike da mata, mu 'yan Yakasai da dangin matarsa Ma'u da suka zo daga Mandawari. Aka zuba tuwon shinkafa da miyar taushe a wata langa mai jan fure, ɗaya daga cikin kayan jeren Ma'u, aka kai wa gwaggonta. Tsohuwar nan hanci gare ta, ko sauro ne ya gifta sai ta faɗa maka kwatar da ya fito. Ta buɗe murfi, ta sunsuna, ta mayar ta rufe. Ta ce a tambayo mata maigidan, tuwon nan na mutane ne ko na mota.

Aka kira Bappa daga zaure. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sabuwar babbar riga, mata sun fi talatin suna kallonsa. Aka miƙa masa langar. Ya sunsuna, ya ɗaga kai sama kamar mai tuno wata aya, ya ce, "Daddawa ce ta yi ƙarfi."

Daddawar kuwa tawa ce, ni na kawo ta gudummawa. Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, tun muna yara ba ma raga wa juna. Na ce a juye tuwon. Na sa aka kawo ruwan zafi na zuba a langar, na bar shi ya ɗan tsaya, na fito da ita tsakar gida cikin rana. Sai ga wani maiƙo ya taso yana walƙiya, shuɗi da ruwan hoda. Na ce, "Direba, tun da nake cin daddawa ban taɓa ganin wadda ke fitar da bakan gizo ba."

Ashe makonni biyu kafin haihuwar ya rasa abin da zai tari tsohon man mota, ya shiga ɗakin Ma'u ya zaro langa daga layin baya na jeren, inda yake zaton ido ba ya kaiwa. Ya wanke ta da toka, ya wanke da sabulu, ya shanya, ya mayar. Bai san man giyar mota ba ya barin kwano ba, ko da yake shi ya fi kowa sanin ba ya barin riga.

Ma'u tana kan gado da jariri, aka kai mata ƙara. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ce langar ta tashi daga ta abinci, amma ba ta tashi daga tata ba. Duk ranar da mai motar yake buƙatarta, sai ya zo ya yi sallama ya ara, kuma ita za ta riƙe abarta har a gama. Mata suka yi guɗa. Bappa ya koma zaure, na ji an ce ko naman suna bai ci ba.

Mu jikokin Fulani ne da suka shigo birni. Kakanmu ya zo da sanda da 'yan shanunsa, shanun suka ƙare a hannun 'ya'yansa, mu muka tashi a lungu ko tatsa ba mu iya ba. Bappa kaɗai ne ya koma wa shanu, shi ma ta bayan sitiyari. Shekara talatin da biyar yana tuƙa malaman dabbobi zuwa rugage yin allurar rigakafi, a cikin Landiroba mai ruwan toka, wadda tun tana ta gwamnati a gida yake kwana da ita yana yi mata aiki. Da aka yi masa ritaya ita ma aka yi mata, aka sa ta a gwanjo, ya saye ta ya kawo ta kangon da ke jikin gidansa. Kowa a unguwa Bappa yake ce masa, har ɗan da ya haifa. Shi kuma bai taɓa kiran sunan ɗan ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce yaron nan.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, kuma ban ga laifinsa ba, akwai wata tukunyar ƙarfe tsakanin tayoyin baya, kamar tulu a kwance. Makanikai suna ce mata difaranshal, Bappa yana cewa tukunyar aksul. A cikinta haƙoran ƙarfe ne suke cin juna suna raba wa tayoyi ƙarfi, suna iyo cikin wani mai mai kaurin zuma da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Motar da ke tsallaka rafi, ruwa yakan sato ya shiga, man ya koma fari kamar kindirmo, haƙoran su fara cinye kansu. Shi ya sa duk ƙarshen damina Bappa yake juye tsohon ya ɗura sabo. Noti biyu ne a jikin tukunyar, na ƙasa na zubarwa, na sama na ɗurawa. Doka ɗaya ce a aikin: ba a taɓa na ƙasa sai an tabbata na sama zai kwance. Bappa ya koyi dokar da wuya. Wata shekara a wata ruga ya zubar da mai tas, notin sama ya ƙi motsi, shi da malamai uku suka kwana biyu suna shan nono ba fura. Ya yi kuskuren ba wa Ma'u labarin. Tun daga ranar, duk shekara da ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗauki sifana, sai ta ce daga sama, "Mai motar, ka buɗe na sama?"

Shi kuma ya ce, "Ni za ki koya wa aikina?"

Haka suka yi ta yi shekara arba'in, tambaya ɗaya amsa ɗaya, ba a ƙara ba a rage.

Aikin na mutum biyu ne. Shi yana kwance a ƙasa ya riƙe bakin tiyo a cikin ramin, ita tana tsaye ta ɗaga mazurari sama tana tsiyayawa. In man ya cika har ya taɓa masa yatsa sai ya ce ya isa. Tsohon man kuwa Ma'u ke rabawa. Duk azarar da ke lungunmu da ƙyauren da gara ba ta ci ba, man motar Bappa ne a jikinsu.

Yadda motar ta daina fita, abin dariya ne in ba a gidanka ya faru ba. Yanar ido ta kama Bappa, aka yi masa aiki, likita ya hana shi tuƙi. Kusan shekara ya yi a zaune. A cikin shekarar nan maƙwabcin bakin lungu ya rushe katangar ƙasa ya yi ta bulo, ya fito da ita taku ɗaya. Na gabansa ya ga ba a ce komai ba, ya fito da tasa ya ƙara da dakali. Aka zo aka gina kwata a ɗaya gefen. Ranar da idon Bappa ya buɗe, ya wanke mota ya tayar da ita ya taho, ya iso bakin lungu ya tarar ko amalanke sai an karkata ta take wucewa. Ya fito ya auna da igiya, ya koma ya auna motar, ya sake dawowa ya auna, kamar lungun zai ji kunya ya buɗe. Da baya da baya ya mayar da ita kango. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Wani zai bar ta ta ruɓe, kaji su yi ƙwai a ciki. Bappa sai ya ɗaga bayanta da jak, ya kifa turame biyu ƙarƙashin aksul, ya tokare tayoyin gaba da duwatsu. Turmi ɗaya tsohon na Ma'u ne. Ɗayan nawa ne, ya ce aron yini ɗaya, har yau ina jira yinin ya ƙare. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya tayar da inji, ya sa giya, tayoyin baya su yi ta juyawa a iska. Ma'u ta yafa mayafi ta shiga ta zauna a gaba. Ina jin su ta katanga. Yana cewa, "Mun wuce Wudil. Riƙe da kyau, akwai gargada a nan." Ita kuma ta ce ya rage gudu, ba da shanu yake tafe ba. Minti ashirin, su kashe mota su sauko, ta ce masa sannu da hanya. Na sha yi musu tsiya. Na ce su taho mini da tsarabar rake. Wata Juma'a kuwa sai ga Ma'u ta miƙo mini rake ta kan katanga, ta ce daga Wudil.

Ma'u ta rasu bara da bazara, ciwon kwana huɗu. Gidan da ma su biyu ne a ciki, ya koma shi kaɗai da rediyo. Abokan aikinsa duk sun riga shi. Majalisar ƙofar masallaci ta koma ta masu latsa waya, in ya fara labarin yadda ya tsallaka rafi da ruwa har bakin gilashi, sai su ce Allah sarki Bappa, idonsu na kan wayar. Ni nake kai masa abinci. Mutane suka fara cewa ai sai in aure shi a huta. Na ce na binne maza biyu, ba na neman na uku, kuma wannan ma turmi yake ci.

Bayan addu'ar arba'in Zaharaddeen ya zaunar da shi. Yaron kirki ne, ba zan ɓata shi ba. A Kaduna yake aiki, ya gina gida, ya ware wa ubansa ɗaki da banɗaki a ciki. Ya ce Bappa ya tattara ya bi shi, motar kuma a kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta gunduwa-gunduwa su fitar, tunda a raye ba za ta fita ba. Aka yi ta ja. A ƙarshe Bappa ya ce, a gabana ya faɗa, "Ranar da ta kasa juya ƙafafunta, ka kawo masu yankan, ni ma in bi ka." Yaron ya ce ya yarda.

Juma'a ba ta daina ba. Injin yana tashi bayan la'asar, sai dai babu mai cewa an wuce Wudil. Minti ashirin, a kashe. Har damina ta ɗauke. Sai Juma'a ta zo shiru. Ta biyu shiru. Ta uku ma haka. Na tambaye shi ina miƙa masa kwano, ya ce batir ne. To ni kuma bakina ba ya riƙe ruwa. Zaharaddeen ya kira ni a waya ranar Laraba yana tambayar jikin ubansa, na ce lafiya ƙalau, sai dai motar ce ta yi shiru sati uku, kunnena ya huta. Ya ce, "Gwaggo, zan shigo ranar Asabar. Ki ce masa ina tafe da mutane."

Sai da na ajiye wayar na gane abin da na yi. Na kwana biyu ina juya maganar, na rasa bakin da zan faɗa masa.

Ranar Juma'a da hantsi na zagaya kangon ta ƙaramar ƙofa. Na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, sifanu a baje. Ga langa mai jan fure a gefe, cike da baƙin mai, ƙura da ganyen darbejiya sun rufe samansa. Ba man jiya ba ne.

Na ce, "Direba, batir ɗin ne ka tara a langa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yardada, na buɗe na ƙasa."

"Na saman fa?"

"Ya ƙi."

Ya nuna mini. Ya jiƙa shi da kananzir, ya buga da guduma, ya sa dogon bututu a jikin sifana ya taka da ƙafa, har kan notin ya cinye ya zama kamar ƙwallon goriba, babu inda sifana za ta kama. Tukunyar a bushe. In ya juya tayoyin a haka, haƙoran za su niƙe junansu kafin a kai Wudil.

Na ce, "Kai da ka yi shekara arba'in kana cewa kada a koya maka aikinka?"

Ya daɗe yana murza wani tsumma a hannu. Ya ce, "Na kwanta, na ɗauki sifana. Na jira. Ban san me nake jira ba. Da na ji shiru sai hannuna ya tafi na ƙasa." Ya ajiye tsumman. "Ni duk zatona ni ne nake tunawa."

Ina da amsoshi sun fi biyar a bakina, duk masu kyau. Na haɗiye su. A nan na faɗa masa yaronsa na tafe gobe da masu yanka, kuma ni na jawo. Na shirya ya zage ni, har na tanadi abin da zan rama. Ya ce kawai, "Ai ba ƙarya kika yi ba."

Na ce a kira makanike. Ya ce waɗanda suka san motar nan suna maƙabarta, na yanzu sai sun jona wa mota kwamfuta ta faɗa musu inda ke mata ciwo. Kuma a ce Nu'uman direba ya zubar da mai bai buɗe na sama ba, gara a yanka ta. Na ce girman kai ne zai kai shi Kaduna. Ya ce ya sani.

Can ya ce akwai wata hanya, amma ba ta da amfani. A saman aksul akwai wata 'yar ƙaramar kafa da tukunyar ke shan iska ta nan, shi yana ce mata hanci. Ana iya kwance ta a ɗura mai ta wurin, ɗigo-ɗigo, in mutum yana da yini guda da mai riƙe masa mazurari. Matsalar ita ce awo. Ta ramin sama yatsa ke faɗa maka ya cika. Ta hanci babu mai faɗa maka. In ya yi yawa ya fasa roba ya fito ta tayoyi, in ya yi kaɗan haƙora su ci wuta.

Na ce, "Iya jan fure."

Ya ce, "Me?"

Na jawo langar da ƙafa. Na ce ya duba inda tsohon man ya tsaya. Daidai ƙasan jan furen da ke zagaye da cikinta. Ma'u ta faɗa mini tun da daɗewa, muna tsinke zogale. Duk shekara in ta juye tsohon man a galan, sai ta goge langar da tsumma da kananzir, ta zuba sabon mai a ciki iya jan furen, daga langar take tsiyayawa a mazurari. Kafin ya ce ya isa, ita ta riga ta ga gindin langa. Ta ce in bar shi, yana jin daɗin faɗa.

Ya ce, "Ban taɓa gani ba."

Na ce, "Ina za ka gani, kana kwance a ƙasa kamar ƙadangare? Me kake gani daga can?"

Ya ce, "Ƙafafunta."

Ya tafi masallaci. Ni na juye tsohon man, na goge langar da kananzir har ta yi ƙyalli, na ajiye galan ɗin sabon mai a tsakiyar rana don ya saki jiki. Da ya dawo ya cire rigar Juma'a ya sa tsohuwar ta aiki, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa. Ya kwance hancin, ya cusa siririn tiyo, ya miƙo mini ɗaya bakin. Gwiwoyina ba na tsayuwa ba ne, sai na hau bayan motar na zauna a bakinta, ƙafafuna na lilo, mazurari a hannun hagu, langa a cinya.

Ban taɓa aikin da ya kai wannan cin rai ba, kuma na yi renon 'ya'ya tara. Ka zuba cokali biyu, man ya tsaya a wuyan tiyo yana tunani. Iska ta taso ta yi ƙwal, ya sauka kaɗan. Ka ƙara. Warin ya shiga zanena, ya shiga gorona. Aka yi la'asar, muka tsaya muka yi salla, muka koma.

Daga ƙasa ya ce, "Ƙafafun nan naki duk kaushi. Ko lalle ba kya sawa?"

Na ce, "In kana son kallon lalle ka biya kuɗin ƙunshi. Ka riƙe tiyonka."

Ya ce ita kullum sai ta yi lalle in za a yi aikin nan. Na ce na sani, ni nake ƙunsa mata. Na ce ka zaci don wa take yi, don motar? Muka ci gaba da aiki, ba ka jin komai sai ƙwal ɗin iska a tiyo da muryar mai tallan awara a lungu. Rana ta sauka kan katanga. Hannuna ya gaji ya fara sauka ban sani ba, sai na ji ya ce, a hankali, irin maganar da ba a yi shawara da ita ba, "Ma'u, ɗaga kaɗan."

Na ɗaga.

Ana gab da kiran magariba na ga gindin langa. Na karkata ta na kwashe sauran da yatsa. Shi yana can yana jira, babu abin da zai taɓa masa yatsa. Ya ce, "Ya isa?"

Na ce, "Ya isa."

Ranar Asabar da hantsi Zaharaddeen ya iso. Ya bar motarsa a bakin titi, ya shigo da ƙafa, bayansa wani mai sayen tsohon ƙarfe da ake kira Mailafiya da abokin aikinsa, suna turo tukwanen gas da sikeli a kura, sai da suka karkata ta a bakin lungu. Mailafiya yana shiga kango ya ƙwanƙwasa jikin motar da ɗan yatsa, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce wannan ba ƙarfen banza ba ne, irin wanda ake narkawa a yi tukwane ne.

Bappa ya amsa gaisuwar ɗansa yana kallon gefe, yadda ya saba. Ya hau, ya murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Ya taka kuloci ya sa giya. Tayoyin baya suka fara juyawa a kan turmina da na Ma'u, sumul, babu kuka babu gurnani. Ya bar su suna juyawa, ya ƙara giya, ya zauna hannu biyu a kan sitiyari yana kallon katanga. Mailafiya ya durƙusa ya kasa kunne wajen tukunyar, ya ɗago ya ce wa Zaharaddeen, "Alhaji, wannan fa lafiyarta ƙalau."

Zaharaddeen ya juyo ya dube ni. Na ce, "Kunnena ne, ɗana. Tsufa."

Da an bi alkawari, magana ta ƙare a nan. Amma yaron bai taho daga Kaduna don taya ba. Da Bappa ya kashe mota ya sauko, sai ya durƙusa a gabansa ya fara. Ya ce ba ya iya barci. Ya ce in Bappa ya faɗi a banɗaki, sai yaushe za a sani? Na ce sai lokacin abinci, kuma ba na makara. Ya ce Gwaggo don Allah. Ya ce jikoki suna tambayarsa. Ya ce mutane suna zaginsa, suna cewa ya bar ubansa a kango da tsohuwar mota. Duk gaskiya ya faɗa, har na ji ina komawa bayansa. Bappa yana tsaye yana goge hannu da tsumma, yana cewa to, to, Allah ya yi albarka. Ya ce ɗakin Kaduna a ajiye masa, zai zo da Sallah ya kwana uku. Yaron ya ce ba kwana uku yake nema ba.

Zan faɗi yadda ta ƙare kafin in faɗi abin da ya ƙare ta. Bappa yana nan a Yakasai. Zaharaddeen yanzu duk wata yake zuwa, ya samo wani mai walda ya ciro notin nan ya sa sabo, kuma na ji da kunnena wata Juma'a ana cewa an wuce Wudil, muryar yaron tana tambaya ko akwai sauran tafiya. Langa tana ɗakina. Na ce wa Bappa in damina ta ɗauke ya zo ya yi sallama ya ara, kuma na haddace tambayar Ma'u. Sauran kwanakin mako kuwa shi kaɗai ne da rediyonsa, ba zan yi muku ƙarya ba.

A ranar dai, da yaron ya ga lallashi bai ci ba, sai ransa ya ɓaci. Ya miƙe ya nuna motar, ya nuna bakin lungu. Mailafiya yana tsaye da sikelinsa a hannu, bai san ko ya rataya ko ya mayar kura ba. Zaharaddeen ya ce, "Bappa, a bar zancen juya taya. Shekara goma sha ɗaya motar nan ba ta je ko'ina ba, kuma ba za ta je ba. Abin da ba ya zuwa ko'ina, mene ne amfanin ajiye shi?"

Bappa ya ninke tsumman ya sa a aljihu. Ya dubi Mailafiya, ba ɗansa ba.

Ya ce, "Malam, rataya sikelinka. Ni ma shekara goma sha ɗaya ban je ko'ina ba. Ka fara auna ni, in ya so ka ji nawa yaron nan zai sallama."